Uban Duwatsu Ya Raka Yayarsa Yaman

Duk wanda ya zauna Madina a shekarun da gidaje suka fara matsowa gindin Uhudu, in bai san Alhaji Sharfuddini ba, zaman nasa da saura. Mutum ne da Allah ya ba ilmin dutse. Wasu an ba su fiƙihu, wasu an ba su sanin dabino, shi kuwa tsauni aka ba shi, da hawansa da saukarsa da abin da ya kamata matafiyi ya riƙa. Samarin unguwa, waɗanda Hausa ta fara yi wa nauyi a baki, suka sa masa Abul Jibal. Tsofaffi suka mayar da shi Uban Duwatsu. Ya karɓi sunayen duka biyu bai fifita ɗaya ba, don mutum ne mai tawali'u.

Ilmin nan ba a littafi ya same shi ba, tafiya ya yi. Wata shekara wani Balarabe mai sayar da barguna ya ɗauke shi a mota zuwa Ɗa'ifa don ya tsare masa kaya, suka yi 'yan kwanaki suka dawo. Gaskiya ne a kujerar tsakiya ya zauna, kuma tun daga inda hanya ta fara hawa ya lulluɓe kansa da bargo bai yaye ba sai da aka kashe mota. To amma ba ta ido kaɗai ilmi ke shiga ba. Kunnuwansa sun toshe a hanya, kuma daga wannan toshewa ya fahimci abubuwa da yawa waɗanda direban, da ya tsufa a kan hanyar, bai taɓa lura da su ba.

Shagonsa na cikin jerin rumfunan da motocin masu ziyara ke tsayawa gabansu. Akwatuna yake sayarwa da filas da lema da bargo. In an yi la'asar sai ya fito da kujera, ya sa wani kwat na ulu da ya saya a kasuwar gwanjo, ya zauna yana duban dutsen Uhudu yadda mai gona ke duban gonarsa. Gumi ya riƙa bin gemunsa yana ɗiga a kan ulu, bai taɓa sharewa ba. Ɗaliban jami'a 'yan Najeriya kan taru wurinsa, saboda ƙishirwar ilmi, da kuma shayi mai na'ana'a da yake bayarwa kyauta.

"Dutse yana da nizami, yana da tsarinsa," in ji shi. "Mutum ya taso Kano, ƙasa a shimfiɗe kamar faranti, ya zo zai ba ni labarin hawa? La, ya akhi. Can sama iska siririya ce, sai ka san yadda za ka sha ta. Ruwa ma ba ya tafasa sai ya ga dama. Ni na gani."

Ɗalibai su gyaɗa kai, su miƙa kofi a ƙara musu.

Alhaji yana da yaya mace, Ƙaltume, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana sayar da yaji da kuka da daddawa a gida ga masu marmarin miyar ƙasarsu. 'Ya ɗaya Allah ya bar mata, Safiyatu, wadda ta auri Ja'afaru, wani Bayamane mai gasa gurasar tamis a bakin layinsu. Da mahaifin Ja'afaru ya tsufa, sai Ja'afaru ya rufe tanda ya ɗauki matarsa suka koma ƙauyensu a duwatsun arewacin Yaman. Ana nan wata rana wani ɗan garinsu da ya dawo daga ganin gida ya tsaya a ƙofar Ƙaltume ya ba da saƙo. Safiyatu na da ciki ya tsufa, watan da zai kama shi ne na haihuwa, ba ta iya saukowa daga dutse, tana kiran uwarta.

Haihuwar fari ce. A gidansu kuwa, tun kakarsu da ta tako daga Haɗeja har Hijaz, ba macen da ta haihu ba a yi mata wankan jego ba: tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma, kunun kanwa, yaji, har a yi arba'in. Mutum ɗaya ce ba ta samu ba, ƙanwarsu Innayatu, da ta haihu a Yanbu cikin baƙi. Ta kumbura, ba ta ga yayen ɗanta ba. Likita ya faɗi nasa sunan cutar, Ƙaltume ta riƙe nata, sanyi ne ya shige ta. Ga shi yanzu 'yarta na kan dutsen da sanyi ke kwana, cikin mutanen da ba su taɓa jin sunan kanwa ba. Dole ta isa kafin haihuwa, kuma da kayanta.

Matsalar ɗaya ce. Mace ba ta ƙetare iyaka ba muharrami, kuma a duk Madina namijin da ya rage mata shi ne Uban Duwatsu.

Ya saurare ta har ta gama, ya dubi Uhudu, ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aikin da ya daɗe yana jira ya zo.

"Yaya, kin yi sa'a. Wasu sai sun biya kafin su sami irina, su ma ba su samu. Halas, shi ke nan, na ɗauki nauyin wannan tafiya. Abu ɗaya nake so, ɗa'a."

Ya sa ranar duba kaya. Ƙaltume ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta jera abin da ta tanada. Ga kanwa a ƙullin tsumma, ga gero da ta samu wurin wasu mutanen Damagaram, ga citta da kanumfari da kimba ta daka ta tankaɗe, ga busasshen ganyen darbejiya, ga kuma ƙatuwar tukunyar da ta yi wa rabin matan unguwa jego. Alhaji ya zagaya tabarmar da hannuwa a baya kamar ma'aikacin kwastan.

"Ƙa'ida ta farko a tafiyar dutse ita ce sauƙin kaya. Ƙaramar ƙasa ce, hanyoyinta ƙanana, komai nata ƙarami. Wannan farin abin ba na dabbobi ba ne? Wannan kuma ciyawa za mu kai musu, ko an ce miki ba su da ita? Yaya, ƙasar waje fa za mu. Mutuncin Mamlaka, wannan masarauta da muke zaune cikinta, yana wuyanmu."

Ƙaltume ta bar shi ya gama. Ita ta goya shi yana jariri, ta san in aka yi masa musu jawabi ne ke ƙaruwa, jawabinsa kuwa kwana yake ci.

Shi ma ya bi ƙa'idar sauƙin kaya sau da ƙafa, har ta cika masa akwatunan katako uku. Akwai takalman hawa na wani Bature injiniya, sun fi ƙafarsa girma ya cike su da auduga. Akwai igiya mai kauri, da madubin hangen nesa wanda ido ɗaya ya fashe, da rediyo irin wadda ake ɗauka da hannu biyu. Akwai kujerar katako mai naɗewa, don babban mutum ba ya zama a kan dutse kai tsaye. Akwai alkyabba saboda ganawa da manyan ƙasar. Abin da ya fi ji da shi wani ƙarfe ne mai kama da agogo, wanda mai gwanjo ya rantse masa cewa tsawon dutse yake aunawa. Allurarsa ba ta taɓa motsi ba, abin da ya tabbatar wa Alhaji cewa Madina a shimfiɗe take, kamar yadda ya daɗe yana faɗa.

A duk kayan Ƙaltume tukunya kaɗai ta tsira, ita ma don takalman Baturen sun shige ta daidai. Sauran ta kwashe ta shiga da su ɗaki. Gero ya koma cikin matashin kai. Kanwa da yaji da ganye ta ƙulle su a zane ta riƙa goya su a baya ƙarƙashin abaya. Alhaji ya ga bayanta ya tasa, ya ji tausayi, ya ce tsufa ya fara kama ta, don haka sai an yi mata horo kafin a tashi.

Akwai wani ɗan tudu a gaban Uhudu wanda masu ziyara ke hawa. Tsofaffin matan Turkawa da silifa suke hawansa, suna taɗi. Nan Alhaji ya zaɓa. Kullum da hantsi sai ya sa kwat da takalman Bature, ya ɗaura igiya a ƙugunsa ya ɗaura ɗaya bakin a ƙugun yayarsa. In sun kai rabi sai ya ba da umarnin a tsaya jiki ya saba da iska. Masu ziyara su raɓe su wuce, su yi addu'a a sama, su sauko su tarar da su a inda suka bar su. Wasu mutanen Indonesiya ma sun ɗauka makaho ne ake ja, suka miƙo sadaka. Alhaji ya yi musu bayanin numfashi ta hanci da Larabci, suka yi godiya da yarensu.

Ana cikin horo wata ya mutu, wani ya kama.

"Sharfu, wata fa ya tsaya," in ji Ƙaltume.

"Saura darasin sauka, Yaya. Sauka ta fi hawa haɗari, jahilai ne ba su sani ba."

Washegari ta sa abaya ta bi tandunan gurasa ɗaya bayan ɗaya, har ta sami wasu Yamanawa masu komawa gida da motar ɗaukar kaya, kuma hanyarsu ta bi ta kasuwar da ke gindin dutsen su Ja'afaru. Ta dawo ta ce wa ƙaninta bayan sallar Juma'a za a tashi. Da la'asar ya sanar da ɗalibai cewa bayan dogon nazari ya zaɓi hanyar ƙasa, saboda jirgin sama na hana mutum sanin yanayi.

Suka bi ta Jidda, suka miƙe kudu ta gefen teku har Jizan. Da aka buga musu hatimi a kan iyaka, Alhaji ya buɗe akwati ya fito da kwat, ya naɗe wuya da mayafin ulu, ya ce an shigo ƙasar duwatsu. Abin da suka shiga kuwa fili ne fetal, mai zafin da na Madina bai kama ƙafarsa ba, ga gumi mai danƙo kamar an shafa wa mutum zuma. Yamanawa suka tuɓe riguna suka ɗaura a ka. Alhaji ya zauna cikin ulu yana narkewa a hankali, da ma'aunin dutse a kan cinya. Ya gaya musu sanyin ƙasarsu mayaudari ne, a ɓoye yake shiga. Suka ce sun gode, ba su sani ba. Ƙaltume na can lungu kan matashin gero tana jan carbi, idonta a kan hanya.

A ƙarshe duwatsun suka fito, kuma da suka fito sai Alhaji ya rage magana. Mota ta hau ta hau har hanya ta ƙare a wata 'yar kasuwa. Aka nuna musu garin su Ja'afaru. Sai da mutum ya ɗaga kai har rawani ya nemi faɗuwa sannan zai gan shi, gidaje dogaye sirara a kan tsinin dutse, kamar wani ne ya ajiye su can ya manta.

Mahaifin Ja'afaru na nan yana jira da 'ya'yansa maza da jaki ɗaya. Tsoho ne siriri, da takalmin taya da wuƙa a ɗamara. Duk ranar kasuwa yake saukowa ko za a gan su. Ya gaida Ƙaltume ya gaya mata abin da ake ciki ba kwana-kwana. Safiyatu ta haihu shekaranjiya, namiji, yaro lafiya. Amma uwar tana kwance, jiki zafi, tana rawar ɗari, ba ta cin komai. Ja'afaru na wurinta.

Alhaji ya ga lokacin alkyabba ya yi. Ya ɗora ta a kan kwat, ya hau kan akwati, ya gyara murya.

"Ya ku dattawan wannan ƙasa mai albarka. Tsakanin Hijaz da Yaman akwai zumunta tun ba a haƙa rijiyoyi ba. Na zo muku ba a matsayin baƙo ba, na zo a matsayin wanda ya san dutse, dutse ya san shi."

Jawabi ne mai kyau, ya taɓo tarihi, ya taɓo kasuwanci, ya taɓo numfashi. Da ya kai ƙarshe ya juya don ya gabatar da yayarsa, sai ya ga takalman Bature a zube a ƙasa. Tukunya babu. Can sama a jikin dutse ga wani ɗan baƙin abu yana tafiya da tukunya a ka, yana bin wasu mata 'yan kasuwa. Jakin da aka kawo dominta ma ba ta tsaya ta dube shi ba.

Alhaji ya ce wannan shi ne amfanin horo. Ya ɗaura takalma, ya sa kowa ya jeru bayansa, aka kama hanya.

Hanyar matakala ce ta duwatsu, faɗinta bai wuce tabarmar salla ba, hagu bango, dama kuwa babu komai sai ikon Allah. An ɗan taɓa tafiya Alhaji ya tsaya don ya auna wuri. Ya sa madubin hangen nesa a idon da ke aiki, ya leƙa ƙasa, ya hango kasuwar da suka baro ta koma kamar an watsa gero. A nan fa ya kamata a yi wa mutum adalci. Alhaji bai ji tsoro ba. Gwiwoyinsa ne suka ji, ba su kuma yi shawara da shi ba. Ya zauna, ya jingina da bango, ya ce a tsaya jiki ya saba da iska.

Aka tsaya. Rana ta karkata, jiki bai saba ba. Tsoho ya ce a ɗora shi a jaki. To jakin dutse, don halinsa, ta can bakin gaɓa yake son bi. Alhaji ya rungume wuyansa da hannu biyu ya rufe ido yana karanta abin da ya sawwaƙa. Jaki ya yi haƙuri daidai gwargwado, sannan ya durƙusa ya ƙi tashi. An ja, an tura, an yi masa magana da yaren da yake ji, ya nuna shi ya gama.

Tsoho ya dubi rana, ya dubi baƙonsa, ya raɗa wa ɗaya daga cikin 'ya'yansa magana. Saurayin ya haye sama kamar akuya. Da ya dawo, da shi da wasu maza, suna ɗauke da makarar masallacin garin, don a duk garin ita kaɗai ce doguwa mai mariƙi huɗu. Alhaji ya san makara, wa zai zauna Madina bai san ta ba? Amma ya dubi hanya ya dubi makara, ya yanke hukunci cewa a wannan ƙasa wani abu ne daban.

"Wannan ta manya ce?" ya tambaya.

"Ba babban da ba ya hawanta a garinmu," in ji tsoho.

Aka kwantar da shi, aka ɗaure shi tam da igiyarsa, wadda ranar ta fara aiki. Ya ja alkyabba ya rufe fuska saboda ƙa'idar kare ido daga iskar sama. Matan gari suna kan soraye suka hango makara na hawowa da mutum a lulluɓe, suka fasa kuka, don baƙo ne ya mutu a hanyarsu kuma abin kunya ne ga gari. Liman ya fito yana naɗe hannun riga, ya aika a ɗora ruwa. Ana shiga ƙofar gari aka ji murya daga ƙarƙashin alkyabba.

"A hankali wurin kwana. Ku riƙa shaƙa ta hanci, ku fitar ta baki."

Liman ya warware hannun rigarsa ya koma ciki.

Ita kuwa Ƙaltume tun da sauran rana ta isa. Ta tarar da 'yarta a ɗaki mai ƙaramar taga, an rufa mata barguna, leɓe ya bushe, ƙafa ta fara tasawa. Ta danna yatsa a ƙafar, ta dubi wurin. Ta kwance goyonta ta ce a ba ta ruwa da itace. Nan ta gane abin da duk horon Madina bai faɗa ba. A garin nan ruwa daga wani tafkin dutse ake ɗauko shi can ƙasa, itace kuwa da shi da babu duk ɗaya, da kara da busasshen kashin shanu ake girki. Wankan jego kuma wuta yake ci kamar maƙera. Mata suka ɗauki tuluna suka sauka, suka cika mata tukunya. Amma mazan da za su tafi neman itace a kwari duk suna kan hanya, yau da Alhaji, gobe da akwatunan Alhaji. Ranar da ƙyar ruwa ya yi ɗumi.

Washegari akwatuna suka iso ɗaya bayan ɗaya a kan kafaɗun mutane. Ƙaltume ta tsaya ta dube su. Katako ne mai kauri, busasshe, na ƙasar waje. Ta juye abin da ke ciki a kusurwar ɗakin da aka sauki ƙaninta, ta ja su waje, ta ari gatari.

Alhaji na kwance da fuska wajen bango ya ji sara.

"Yaya, ina akwatunana?"

"Suna aiki."

"Kujerar fa?"

"Tana layi. Kai ka ce sauƙin kaya, Sharfu."

Ya yi nazarin maganar, ya ga ba ta saɓa wa ƙa'ida ba.

Tukunya ta tafasa har tana tsalle, duk da abin da aka sani game da ruwa a kan dutse. Ƙaltume ta tsoma ganye ta shiga fyaɗa wa 'yarta safe da yamma, ta dama kunun kanwa ta tsaya a kanta sai ta shanye. Katakon Alhaji ya riƙe wuta har mazan gari suka huta suka fara kawo itace. Uwar Ja'afaru ta tsaya tana kallo kwanakin farko, hannu a haɓa. Ta ɗanɗani kunun, ta yamutsa fuska, ta miƙo ƙwarya a ƙara mata. Daga baya ta kawo nasu ilmin, hulba da man shanu da zuma, tsofaffin biyu suka haɗa. Wata safiya ana cikin wanka Safiyatu ta ɗaga murya.

"Ya Ummi, harr. Wallahi harr, zafi, fatata za ta saɓule."

"Juyo bayanki," in ji uwar.

"Khali yana ina? Ko shi ba zai zo ya cece ni ba?"

"Kawunki na can yana nasa jegon. Juyo."

Ƙaltume ta ci gaba da fyaɗa ganye, tana kawar da fuska kada a ga bakinta. Marar lafiyar da ta fara tsiwa ta warke.

Alhaji ya yi arba'in ɗin nan cif a ɗaki ɗaya, a bangon da ya fi nisa da taga, yana nazarin yanayi. Kunun kanwa ya karɓa don bincike, binciken kuma ya ɗauki ƙwarya biyu a rana. Da yamma mazan gari kan shigo gaishe shi da ganyen nan da suke taunawa a kumatu, ya yi musu bayanin yadda ake zama a kan dutse. Mutane ne masu ladabi, bakinsu kuma a cike yake, ba wanda ya katse shi. Ranar komawa ta faɗo daidai da girbin dawa. Maza suka ajiye lauje suka sauko da shi yadda suka hau da shi. Tsuntsaye suka yi wa gonakin abin da suka ga dama.

Ya dawo Madina ya yi ƙiba, ilminsa ya ninka. Ɗa'ifa ta koma wurinsa tudun tururuwa.

"Ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba, hawa da sauka," yakan gaya wa ɗalibai. "A kafaɗa suka ɗauke ni. Mata suna kuka a kan soraye. Liman da kansa ya fito. Ku tambayi Yaya in na ƙara ko harafi ɗaya."

Wasu sun tambaya. Ƙaltume ta ce bai ƙara ba.

Bayan kamar shekara biyu, wata la'asar ana tsakiyar darasi, sai ga Ja'afaru tsaye a bakin rumfa da 'yar jaka a hannu. Ya sumbaci kan Alhaji, ya zauna a ƙasa, ya ce kowa lafiya, yaro yana gudu, kuma Safiyatu ta sake samun ciki, tana son uwarta. Alhaji ya miƙe tsaye. Ya ce a nemo masa kafinta yanzu, akwatuna huɗu wannan karon, don ya gano abubuwan da aka yi sakaci da su a tafiyar farko.

Ja'afaru ya dubi ƙasa.

"Ya Ammi, baffana, kada ka wahalar da kanka. Dattawa sun zauna a masallaci, suka tambayi liman. Ya ce mijin 'ya muharrami ne ga uwar matarsa har abada. Shi ne suka turo ni in tafi da ita."

"Tun daga Yaman? Ka bar gona, ka bar mace da ciki?"

"Sun auna, ya Ammi. Sun ce zuwana Madina da komawa ya fi wa gari sauƙi."

Ɗalibai suka duƙufa kan kofunansu. Alhaji ya yi murmushin wanda ya ga yaro zai taka wuta.

"Limaminku ya san littafi, bai san Hausawa ba. Mu wurinmu suruka ba ta haɗa ido da mijin 'yarta. Ba ta cin abinci gabansa, ba ta kama sunansa. Ka taɓa ji ta kira ka? To ita ce za ta shiga mota ɗaya da kai kwana da kwanaki? Taso mu je, ka ji da kunnenka, don kada ka ce ni na hana."

Maganarsa gaskiya ce. Ko a can kan dutse, in Ja'afaru ya shigo ta wannan ƙofa Ƙaltume ta waccan take fita. Suka tafi gidan, ɗalibai biyu-uku suka bi su a baya don neman ilmi. Alhaji ya tsaya a zaure ya yi wa labule bayani dalla-dalla, ya kawo hukuncin liman, ya kawo al'adar kakanni, ya nuna inda suka rabu, ya ce shi dai a shirye yake ya sake sadaukar da kansa.

Bayan labule sai aka ji ƙarar ƙarfe ana jan sa a kan siminti, gindin tukunya ya leƙo ta ƙarƙashin labule.

"Sharfu, gaya wa mutumin nan ya zauna gaba, ni in zauna baya. Kunyar na ji ta a hanya."

Alhaji ya gyara kwat, ya juya don ya fassara saƙon da Larabci. Ja'afaru ya riga ya ɗauki tukunya ya yi waje.